Dokar Dabbobi: Binciken da Ke Jiran Ɗalibi Tsakanin Yako da Falgore, da Inda Zai Samo Kuɗinsa

Duk wanda ya tashi a Yako ko Kiru ko Bebeji ya san wannan shari'ar, ko da bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Manomi ya yi sammako ya je gona, sai ya tarar shanu sun kwana a cikin masararsa. Ga sawu, ga kashi, ga kara a kwance. Kafin hantsi magana ta isa gaban mai unguwa, an aika a kirawo Arɗo, 'yan kallo sun cika zaure. Daga nan tambayoyi uku ne ke tasowa: wa zai biya, nawa zai biya, kuma da wace doka za a yanke? Idan an dace, a rabu da musabaha. Idan ba a dace ba, abin da ya fara da buhu biyu na masara ya ƙare da jini.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, waɗannan tambayoyi fanni ne na ilimi mai zaman kansa. Sunansa dokar dabbobi, kuma a wasu ƙasashe har biyan ɗalibi ake yi ya ƙarar da dogon hutunsa yana bincike a kai. Mu kuwa da abin yake a ƙofar gidanmu, lokacin furojet na zuwa sai mu nufi shagon kwamfuta a zaro mana tsohon aikin wani, a canza suna da shekara. Wannan rubutu zai yi bayanin mene ne fannin, me ya sa kudancin Kano ya fi ko'ina dacewa da shi, da kuma ƙofofin da ɗalibin poli zai iya ƙwanƙwasawa don samun kuɗin aikin.

Mece ce dokar dabbobi?

Ba kundi ɗaya ba ne da za ka saya a kanti. Tarin dokoki ne da suka shafi dabba ta kowace fuska: mallakarta, cinikinta, ɓarnar da ta yi, ɓarnar da aka yi mata, lafiyarta, yankanta, hanyar da za ta bi, da dajin da za ta zauna. Saniyar da aka sace, jakin da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, karen da ya ciji yaro, naman mushe da ya shigo kasuwa, barewar da aka harbe a gandun gwamnati, duk a ƙarƙashinsa suke.

A Ingila, majalisa ta yi dokar hana azabtar da shanu da dawaki da tumaki a 1822, wadda ake kira da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, Richard Martin. A Amurka an kafa ƙungiyar lauyoyi mai suna Animal Legal Defense Fund a 1979, kuma yau makarantun koyon lauya fiye da 150 a ƙasar sun koyar da wannan darasi. Makarantar Lewis & Clark da ke birnin Portland har digiri na biyu take bayarwa a kansa, Jami'ar Harvard ma tana da shiri na musamman.

Ga yadda kuɗin yake zuwa a can. Ɗalibin lauya yana samun hutu daga wajen watan Mayu zuwa Agusta, kuma ana sa ran ya yi aiki a lokacin. Kamfanonin lauyoyi suna biya da tsoka, amma ƙungiyoyin taimakon jama'a ba su da kuɗin biya. Don kada kowa ya gudu wajen masu kuɗi, sai makaranta ko wata gidauniya ta ba ɗalibi alawus na makonnin, ya je ya yi bincike ko ya taya wata ƙungiya aiki, ya dawo da rahoto. Kuɗin ba na arziki ba ne, na haya ne da abinci da mota. Amma da shi ake renon masanan fannin.

Ku lura da wani abu. Watannin da suke hutun nan, mu nan damina ce tsundum. Shuka ta rufe ƙasa, hanyoyin shanu sun ƙuntata, rigima ta fara tsiro, ta kai ƙololuwa da kaka. Wato lokacin da ɗalibi ya fi samun sarari shi ne lokacin da abin binciken yake faruwa a gaban idonsa.

Dokoki uku a kan saniya ɗaya

Mu koma gonar masarar nan. Abin da ya sa shari'ar take da wuya shi ne dokoki uku ne suke hawa kanta, kuma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Ta farko shari'ar Musulunci. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kano ke bi, an bambanta dare da rana. Asalin hukuncin yana cikin Muwaɗɗa, a ƙissar taguwar Bara'u bin Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna: tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. Risala ma ta kawo shi, kuma duk wanda ya yi makarantar zaure ya wuce ta kansa. Malamai sun sa sharuɗɗa: idan makiyayi yana tare da dabbobin ya yi sakaci, ko ya kora su gonar da gangan, to rana ba za ta cece shi ba. Suratul Anbiya ma ta ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, a kan tumakin da suka shiga shuka da dare. Wannan rigima dai ba yau ta fara ba.

Ta biyu dokar da muka gada daga Ingila. A can, ƙa'idar ketaren dabbobi ba ta tambayar dare ko rana, ba ta ma tambayar ko an yi sakaci. Muddin dabbarka ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, kai ne da biya. Sannan ga Pinal Kod, kundin laifuffuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, wanda ya tanadi hukunci a kan ɓarnata dukiya da shiga gonar wani da mugun nufi.

Ta uku al'ada, kuma ita ce ta fi aiki. Mai unguwa ko dagaci ya tura dattawa su auna ɓarna da ido, Arɗo ya tsaya wa nasa, a yi ciniki kamar a kasuwa, a yafe wani abu saboda zaman tare. Yawancin irin wannan sulhu ba a rubuta shi a ko'ina.

To ka ga, saniya ɗaya, gona ɗaya, amma hukunci na iya bambanta gwargwadon ƙofar da aka fara shiga. Wace ƙofa mutanen Yako suka fi zaɓa, kuma don me? Nawa ake biya a zaure, nawa ake biya a kotu, nawa ke salwanta a hanya? Wannan kaɗai furojet ne cikakke.

Hakkin ita dabbar

Mutane da yawa suna ɗauka maganar tausaya wa dabba ta Turawa ce. Ba haka ba ne. Tun muna Islamiyya muka ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, da umarnin wasa wuƙa kafin yanka. A ɓangaren gwamnati, sashe na 207 na Pinal Kod ya haramta dukan dabbar gida da mugunta, da azabtar da ita, da shirya faɗan zakaru ko raguna. Sashe na 208 ya yi magana a kan yi wa dabba lodin wuce kima da barinta cikin wahala. Hukuncin ɗauri ne ko tara ko duka biyun, sai dai tarar tsohon kundin tun zamanin fam da sule aka rubuta ta. Jihohi sun yi wa nasu kundin gyare-gyare, saboda haka mai bincike ya nemi kwafin da kotun garinsu ke aiki da shi.

Yanzu tsaya a Kwanar Dangora ka ƙirga tirelolin shanu masu wucewa. Dubi yadda aka cusa su, kai a ɗaure, wani a kan wani. Dubi kaji a rataye ƙafa sama a bayan babur, dubi gyambon da ke bayan jakin mai yashi. Doka tana nan a takarda. Tambayar mai bincike ita ce, sau nawa aka taɓa kai wani kotu da ita? Kuma ko ba don tausayi ba, akwai lissafi: dabbar da ta karye ko ta mutu a mota asara ce ga fatake, naman da ya ƙuje kuma mu ne masu ci.

Shi jaki ma yanzu batunsa ya zama na duniya. Ana neman fatarsa a ƙasar Sin don haɗa wani magani, abin da ya sa ya yi tsada har ya fara gagarar talakan ƙauye. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna don fatarsu a faɗin nahiyar. Ko wannan shawara ta sauka ƙasa a kasuwanninmu? Ɗalibi mai littafi da biro zai iya ganowa.

Burtali, makiyaya da daji

A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, wadda ta ba hukuma ikon ware fili don kiwo kaɗai. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce wuraren da aka ware a ƙasar nan sun haura 400, amma waɗanda aka tabbatar a gazet ba su kai rabi ba. Wanda ba a sa a gazet ba kuwa, kariyarsa a gaban kotu ba ta da ƙarfi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da fili har hekta 500 don noma, da hekta 5,000 don kiwo, ba sai da sa hannun gwamna ba. Jama'a na ƙaruwa, gona na cin burtali taku-taku, har a wayi gari hanyar da garke ke bi ta koma ta mutum ɗaya da kekensa.

Yankinmu yana da misalai uku da ba sai an yi nisa ba. Akwai dajin Dansoshiya a Ƙaramar Hukumar Kiru, inda gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta buɗe rugar zamani a 2020 don tsugunar da makiyaya. Wa ke da hakkin zama, da wace takarda, kuma ina matsayin manoman gefen dajin? Akwai madatsar ruwan Tiga a Bebeji, wadda aka gina zamanin Audu Bako. Noman rani ya bunƙasa, amma fadamun da shanu ke sauka da rani sun zama lambuna, hanyar mashaya ta zama abin jayayya. Sai kuma Falgore, gandun namun daji da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. A ƙa'ida dokar namun daji ta Arewa ta 1963 ta taƙaita farauta a irin wannan wuri. A zahiri kuwa dajin ya ga masu kiwo, masu gawayi, mafarauta, da ɓarayin shanu, har sai da sojoji suka mai da wani sashensa wurin atisaye.

Ana iya kwatanta mu da maƙwabta. Jihar Jigawa ta kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya. Jihar Binuwai ta bi wata hanyar daban, ta haramta kiwon sake a 2017. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar makiyaya a 2010 wadda ta amince cewa yawon kiwo hakki ne, kuma a wurare irin su Maraɗi hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Ƙungiyar ECOWAS tana da yarjejeniyar 1998 a kan ketare iyaka da dabbobi. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo. Ana ta tsara manufofi a Abuja, alhali abin da ke faruwa a zauren dagaci ba a tattara shi ba.

Ai mu ba lauyoyi ba ne

Na san wani zai ce haka. Gaskiya ne, a poli ba a yin digirin lauya. Amma irin wannan bincike rabinsa ne kawai a cikin littafi. Ɗalibin safiyo zai iya auna faɗin burtali da na'ura ya kwatanta da tsohuwar taswira. Na ƙididdiga zai iya zama a rajistarar kotu, da izini, ya ƙirga ƙararrakin ɓarnar gona na shekara 5. Na harkokin mulki zai duba rawar dagaci da ƙaramar hukuma. Na lafiyar dabbobi zai bi dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi, wadda aka yi a 1988 aka sabunta a 2022, ya ga ko ana duba dabba kafin yanka da bayansa a mayankar ƙauye. 'Yar aikin jarida za ta iya shiga gidaje ta ji yadda mata ke ba da akuya kiwo, yadda ake raba 'ya'ya, da wanda ke ɗaukar asara idan ta mutu. Wannan ƙofa ce da namiji ba zai iya shiga ba. In an haɗa gwiwa da wani ɗalibi na Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano ko na tsangayar lauya ta Jami'ar Bayero, aiki ya cika.

To, ina kuɗin?

Mu faɗa wa juna gaskiya: kada ka zauna jiran wani asusu mai suna tallafin dokar dabbobi ya zo ya same ka a hostel. Kuɗin da ake rabawa a makarantun Amurka na ɗalibansu ne. Lamunin NELFUND da aka fara a 2024 na kuɗin makaranta ne da ɗawainiya, kuma bashi ne. Amma akwai ƙofofi.

Ta ɗaya, malaminka. TETFund tana ba malaman manyan makarantun gwamnati, har da poli, kuɗin bincike. Ɗalibi ba ya nema da kansa, amma malamin da ya samu yakan buƙaci masu tattara masa bayanai. Ɗalibin da ya san hanyar Yako zuwa Dansoshiya, yana jin Fulatanci ko yana da wanda zai yi masa tafinta, kadara ne. Je ka ofishin malam da takarda ɗaya a rubuce, ba da hannu biyu ba.

Ta biyu, SIWES. Wannan shiri na hukumar ITF yana nan tun 1973, kuma watanni 4 ɗin da ɗalibin ND ke yi sun isa tattara bayanai. Maimakon ka nemi ofishin da za ka riƙa sa hannu kana komawa gida, nemi sashen gona na ƙaramar hukuma, ko asibitin dabbobi, ko ofishin gandun daji, gwargwadon abin da sashenku ya amince da shi. Alawus ɗin ba yawa, amma ka samu wurin zama, ka samu takardar shiga.

Ta uku, manyan ayyukan raya noma da kiwo. Shirin KSADP na Jihar Kano, mai dala miliyan 95 daga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da abokan haɗin gwiwarsa, ya yi aikin rigakafin shanu da na wuraren kiwo. Bankin Duniya ma ya amince da shirin L-PRES na dala miliyan 500 a 2022. Irin waɗannan ayyuka sukan ɗauki matasa aikin tattara bayanai na 'yan makonni. Ka riƙa bibiyar sanarwarsu, da ta Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da ta NAPRI a Shika.

Ta huɗu, gidauniyoyin waje masu kula da namun daji, irin su Rufford ta Ingila. Sun fi karkata ga masu digiri na biyu da na uku, don haka hanyar ita ce ka shiga tawagar wani, ka koyi yadda ake rubuta takardar, ka ajiye don gaba.

Ta biyar, gida. Ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku, ƙungiyar ci gaban gari, tsofaffin ɗalibai, ɗan majalisar mazaɓar Kiru da Bebeji ko na Tudun Wada da Doguwa. An saba zuwa musu da roƙon kuɗin rajista da na kofin ƙwallo. Wanda ya je da tsararren bincike a kan rigimar da ke hana su barci ya bambanta da sauran.

Takardar neman tallafi

Shafi biyu sun isa. Fara da tambaya ɗaya tak. Kada ka ce za ka binciki rikicin manoma da makiyaya a Najeriya, wannan ya fi ƙarfin farfesa. Ka ce: yadda ake yanke diyyar ɓarnar gona a ƙauyuka 3 na mazaɓar Yako a damina ɗaya. Faɗi wanda za ka tambaya, misali manoma 10, makiyaya 10, masu unguwanni da Arɗo a kowane ƙauye, da alƙali ko magatakarda. Faɗi tsawon lokaci, misali mako 6. Sai kasafi dalla-dalla: kuɗin mota da acaɓa, abinci, data, buga takardu, ɗan hasafin tafinta. Je ka tasha ka tambayi farashin yau, kada ka ƙirƙira, kada kuma ka cusa sabuwar waya a ciki. Rufe da abin da mai ba da kuɗi zai samu: rahoto, taswira, ko taƙaitaccen bayani da Hausa da za a karanta a gaban hakimi. Haɗa da wasiƙar shugaban sashe.

Hattara

Ba a shiga gari ta bayan gida. Fara da hakimi, ya haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da Arɗo. Kada ka shiga cikin Falgore don neman labari. Abin da kake buƙata yana wurin ma'aikatan gandun daji da mazauna gefensa, kuma ka saurari shawarar mutanen gari a kan inda ake zuwa da lokacin da ake dawowa. Ka ji ta bakin kowane ɓangare, domin rahoton da ya ji manomi kaɗai ko makiyayi kaɗai ƙarin fetur ne. Kada ka tambayi Bafulatani yawan shanunsa kai-tsaye. Tun zamanin jangali, wanda Abubakar Rimi ya soke a Kano, mai ƙirga shanu ba abin yarda ba ne. Kada ka ɗauki murya ko hoto sai da izini, kada ka sa sunan kowa a rahoto. Sannan duk tallafin da aka ce sai ka tura kuɗin fom ta WhatsApp kafin a ba ka, damfara ce.

Saura ƙungiyarmu

Abu na ƙarshe na shugabanninmu na ƙungiyar ɗalibai ne. Kowace shekara ana karɓar kuɗin ƙungiya, ana yin makon ɗalibai, ana buga riguna, ana ɗauko makaɗa. Me zai hana a yanki wani abu a ajiye don ɗalibai 5 kacal masu binciken da ya shafi ƙauyukansu? A sa malamai 3 su tantance, a manna sunayen waɗanda suka ci a allon sanarwa, a ba da rabin kuɗi a farko, rabi bayan an kawo rahoto da rasit, a kuma buga sakamakon a wannan mujalla. Majalisar ɗalibai za ta iya zartar da shi a zama ɗaya. Damina mai zuwa shanu za su sake shiga wata gonar a Yako, za a sake taruwa a zauren mai unguwa. Ya kamata a ce a cikin masu zama a gefen tabarma akwai ɗayanmu, riƙe da littafi, yana rubutawa.